Ƙarewar Mai A Sararin Sama: Me Ya Sa Bai Kamata Mu Zagi Matuƙin Da Ya Juya Ba?

Daga Wakilinmu a Manshiya, Sabha

Kwanakin baya muna zaune da yamma a wurin mai shayi a nan unguwar Manshiya, sai ga wani Alhaji ɗan kasuwa daga cikin masu kai kaya Agadas ya iso yana ta faɗa. Abin da ya ɓata masa rai shi ne, jirgin da ya shiga daga Turabulus ya iso har kan Sabha, ya tarar ƙura ta rufe gari, ya yi kewaye ɗaya, sai matuƙin ya juya da su inda suka fito. Alhaji ya yi asarar kwana biyu, motar da zai yi wa lodi kuma ta tafi ta bar shi. A cewarsa matuƙin matsoraci ne, domin da ya daure ya ƙara kewaye biyu ko uku, da ƙurar ta lafa sun sauka. Wani tsohon direban sahara da ke zaune a gefe ya dube shi ya ce, "Alhaji, ka san lita nawa ta rage masa a tanki lokacin da ya juya?" Alhaji ya yi shiru, mu ma duk muka yi shiru.

Wannan tambaya ta tsohon direba ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. 'Yan kasuwarmu na kan iyaka suna shiga jirgin sama, wasu don sarin kaya, wasu don jinya, wasu don aikin Hajji da Umara. A wannan yanki namu kuwa ƙananan jirage ne ke kai ma'aikata rijiyoyin mai irin su Sharara, su ne ke ɗaukar marasa lafiya na gaggawa, su ne kuma ke kai ma'aikatan agaji garuruwa masu nisa a Nijar da Najeriya. To amma kaɗan ne daga cikinmu suka san lissafin da matuƙi ke yi a kan mai, da kuma yadda mu fasinjoji kan iya ɓata masa wannan lissafi ba tare da mun sani ba.

Jirage uku, labari ɗaya

Idan mai karatu bai manta ba, ranar 18 ga Satumba, 1994, jirgin kamfanin Oriental ƙirar BAC 1-11 ya taso daga Tunis ɗauke da 'yan wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Iwuanyanwu Nationale ta Owerri, bayan sun buga wasa da ƙungiyar Esperance. An shirya zai sauka a Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya ya sha mai. Da ya iso sai ya tarar ba a gani sosai, ya yi ta kewaye fiye da awa ɗaya, yana yunƙurin sauka yana fasawa, har man ya ƙare. Mutum biyar suka rasu, biyu 'yan wasa, uku ma'aikatan jirgin.

Shekara uku kafin wannan, ranar 26 ga Yuni, 1991, wani jirgin irin wannan ƙirar na kamfanin Okada ya nufi Kano, rashin kyawun yanayi ya hana shi sauka, aka karkata shi zuwa Sakkwato. A can ma ya yi ta kewaye har man ya ƙare, ya faɗi a daji bai kai ga filin jirgin ba, kuma an yi asarar rayuka.

A nan Libiya kuwa, ranar 2 ga Disamba, 1977, jirgin alhazai ƙirar Tupolev ya taso daga Jidda zuwa Bangazi da mutum 165. A lokacin Masar ta rufe sararin samaniyarta ga jiragen Libiya, saboda haka dole ya yi zagaye. Da ya iso sai ya tarar hazo ya rufe filin jirgin Bangazi, ya tafi neman wani filin bai gano shi ba, man ya ƙare. Mutum 59 suka rasu.

Duk wanda ya jera waɗannan uku zai ga abu guda ne ya maimaita kansa. Lafiyar injuna ƙalau. Jirgi ya iso, rashin kyawun yanayi ya rufe filin, sai man da ke tanki ya kasa kai shi wani wurin. A Tamanrasat ma, man da zai iya kai su wani fili shi aka ƙona wajen jira. Ashe ke nan kewaye biyu ko ukun da Alhajinmu yake so a ƙara, su ne irin kewayen da suka ci rayukan 'yan ƙwallon Owerri.

Ƙaramin jirgi ya fi shiga hatsari

Waɗancan manyan jirage ne, masu matuƙa biyu, da ma'aikata a ƙasa da ke tsara musu tafiya. A ƙaramin jirgi mai farfela kuwa, sau da yawa mutum ɗaya ne matuƙi, shi ne mai duba tanki, shi ne mai lissafin lodi, injin kuma guda ɗaya ne. In ya mutu babu na biyu.

Amurka ce ta fi kowace ƙasa yawan ƙananan jirage, kuma hukumarta mai binciken hatsarin sufuri, wato NTSB, ta fitar da wani gargaɗi a shekarar 2017 wanda ya kamata a yi nazarinsa. Hukumar ta ce daga 2011 zuwa 2015, a kowace shekara ana samun hatsarin ƙananan jirage sama da 50 saboda kuskuren sarrafa mai. Kashi 56 cikin 100 man ne ya ƙare ƙaf, kashi 35 kuwa akwai man a cikin jirgin amma bai isa ga injin ba. Abin mamaki, ƙasa da kashi biyar ne aka samu lalacewar wata na'urar mai, sauran duk laifin ɗan Adam ne. Bugu da ƙari, kusan rabin matuƙan da abin ya shafa ƙwararru ne masu lasisin tuƙin haya, 'yan koyo kuwa kashi biyu ne kacal. Wannan bai ba tsohon direban namu mamaki ba, domin a cewarsa a hanyar Dirku ma ba sabon direba ne mai ke yanke wa ba, wanda ya saba ne, mai cewa ai ya san motarsa.

Ta yaya injin ke rasa mai?

Hanya ta farko ita ce a tashi da man da bai isa ba, ko dai don ba a leƙa tanki da ido ba, ko don an amince da geji. A ƙananan jirage, matuƙi kan hau kan fiffike, inda tankunan suke, ya buɗe murfi ya zura sandar awo, kamar yadda mai tanka ke yi a gidan mai. Dalili shi ne geji na iya yin ƙarya. A ranar 6 ga Agusta, 2005, jirgin kamfanin Tuninter na maƙwabciyarmu Tunisiya ya taso daga Bari ta Italiya zuwa tsibirin Jarba, injunansa biyu suka mutu ya faɗa teku kusa da Palermo, mutum 16 cikin 39 suka rasu. Bincike ya gano cewa makanikai sun ɗaura masa gejin wani jirgi da bai kai shi girma ba, gejin yana nuna akwai mai da yawa alhali tankunan sun kusa bushewa.

Hanya ta biyu ita ce rikicewar ma'auni, kuma wannan babu wanda ya kai ɗan kasuwar kan iyaka saninsa, domin ya san mudun wani gari ba tiyar wani gari ba ce. Mai sayar da man jirgi da lita yake aunawa, littafin jirgin yana iya yin magana da galan ko da nauyi. Galan ɗin Amurka bai cika lita huɗu ba, na Ingila kuwa lita huɗu da rabi ne. A watan Yulin 1983 wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya tashi da ƙasa da rabin man da yake buƙata, saboda an yi lissafi da fam a maimakon kilo. Injunan suka mutu a sama, Allah Ya sa matuƙan suka iya lallaɓawa da shi suka sauka a wani tsohon filin soja da ke Gimli ba tare da an rasa rai ba.

Hanya ta uku ita ce wadda ta fi ban takaici, wato ga mai a jirgi amma injin ya mutu da ƙishi. Ƙananan jirage da yawa suna da tanki a kowane fiffike, da wani famfo da matuƙi ke murɗawa ya zaɓi tankin da injin zai sha. In hankalinsa ya tafi wani wuri ya manta, sai tanki ɗaya ya ƙare ɗayan yana cike. Shahararren mawaƙin nan na Amurka, John Denver, ya rasu ranar 12 ga Oktoba, 1997, a cikin wani ƙaramin jirgi da bai daɗe da saye ba. Masu bincike sun ce bai ƙara mai ba kafin ya tashi, famfon zaɓen tankin kuma an ɗaura shi a bayan kafaɗarsa ta hagu, a wajen juyawa ya murɗa shi ne jirgin ya ƙwace masa ya faɗa teku.

Hanya ta huɗu ita ce gurɓataccen mai. Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka a gindin tanki yake kwanciya, daidai inda injin ke zuƙa. Shi ya sa kafin kowane tashi matuƙi kan tsiyayi mai kaɗan daga ƙasan tankin a cikin wani ɗan kofi mai gani-har-hanji ya ɗaga ya duba. A ƙananan filayen daji inda ake ajiye mai a durom, zafin rana da sanyin dare kan sa raɓa ta taru a ciki, ga kuma ƙura da tsatsa. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba, domin a watan Yulin 2023 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta dakatar da jiragen Boeing 737 na kamfanin Max Air na ɗan lokaci, kuma cikin dalilan da ta bayar akwai gurɓataccen mai da aka samu a tankin wani jirginsu a Yola. Sai kuma zuba man da ba nasa ba. Akasarin jirage masu injin fiston, irin na mota, wani fetur na musamman suke sha mai launin shuɗi da ake kira Avgas, sauran kuma Jet A-1 suke sha, wanda ɗan uwan kananzir ne. In aka zuba wa mai shan fetur kananzir, injin na iya tashi lafiya, sai jirgi ya ɗaga sannan ya lalace. Shi Avgas ɗin yana da wuyar samu da tsada a ƙasashenmu, wanda hakan na cikin dalilan da suka sa kwalejin horas da matuƙa ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta sayo jiragen koyo ƙirar Diamond masu shan Jet A-1.

Sahara ba ta yafiya

Dokar Amurka ta ce ƙaramin jirgi mai tafiya da ganin ido dole ya tashi da man da zai kai shi inda za shi, da rarar minti 30 da rana, ko minti 45 da dare. Wannan rara tana da amfani a ƙasar da filayen jirage ke kusa da juna. A Fezzan kuwa, in ka cire Sabha da Tamanhint da Barak, sai ka tafi Ubari ko Gat, tsakaninka da su ɗaruruwan kilomita, kuma iskar gibli in ta taso tana iya rufe su a rana guda. Ba mu manta ba kuma cewa rikicin da ya ɓarke a 2014 ya sa filin jirgin Sabha ya daɗe a rufe. Minti 30 a nan ba ya kai mutum ko'ina.

Sannan jirgi ba da kilomita yake shan mai ba, da awa yake sha. A misali, jirgin da ke gudun kilomita 200 a awa zai yi tafiyar kilomita 550 cikin awa biyu da minti 45. In ya haɗu da iska mai gudun kilomita 50 tana tunkaro shi, tafiyar ta koma awa uku da minti 40. An ƙara minti 55 ke nan, rarar da doka ta tanada ta tafi tun ba a hango gari ba.

Tarihin wannan ƙasa yana da darasi a kan haka. Ranar 4 ga Mayu, 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ƙananan jiragen yaƙi uku ƙirar Blenheim na sojan saman Afirka ta Kudu suka tashi daga Kufra da mutum 12, don kawai su zagaya su san yankin su dawo. Suka ɓace hanya, mai ya yi ƙasa, suka sauka a cikin rairayi lami lafiya, babu wanda ya ji ciwo. A kwanakin da suka biyo baya suka riƙa tsiyaye man wannan jirgi suna zuba wa wancan, ana tashi neman Kufra ana dawowa ba a gano ta ba, har man ya ƙare. Guguwar ƙura ta hana masu nema tashi. Da aka gano su bayan kimanin mako guda, mutum ɗaya ne kawai ke da rai, sauran 11 sun mutu. Kwamitin bincike ya ɗora laifin a kan rashin sanin tafiyar sahara da rashin rubuta lissafin hanya yadda ya kamata.

Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92, akasarinsu mata da yara, a arewacin Arlit kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A wasu ƙasashen, in ƙaramin jirgi ya sauka a gona lafiya, to an tsira. A sahara sauka lafiya somin-taɓi ne.

Ina ruwan ɗan kasuwa?

Ruwansa yana wajen kaya. Kowane jirgi yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, kuma mutane da kaya da mai duk a kan sikeli ɗaya suke. Zafin da muke sha a nan, wanda kan haura digiri 40, yana ƙara rage wa jirgi ƙarfin ɗagawa. Lita ɗaya ta fetur ɗin jirgi nauyinta kimanin giram 720 ne. Ke nan buhu mai kilo 50 daidai yake da lita 70. Ƙaramin jirgi mai kujera huɗu irin Cessna 172 yana shan lita talatin da 'yan kai a awa, saboda haka wannan buhu guda ya tashi a kan man tafiyar awa biyu. Duk lokacin da aka roƙi ma'aikaci, ko aka ba shi na goro, ya shigar da jakar da ba a auna ba, ko dai jirgin ya tashi da nauyin da ya fi ƙarfinsa, ko kuma matuƙin ya yi lissafi da adadin da ba na gaskiya ba. Lodin da muka saba yi wa Hilux, a ɗaure jarkoki a gefe mutane su hau sama, jirgi ba ya ɗaukar irinsa.

Na biyu shi ne matsin lamba. Babban mutum ya yi shatar jirgi yana sauri, ko fasinjoji suna gunaguni, ko mai kamfani yana lissafin kuɗin da zai kashe in aka tsaya shan mai a hanya. Ranar 28 ga Nuwamba, 2016, jirgin kamfanin LaMia ɗauke da ƙungiyar ƙwallon Chapecoense ta Burazil ya faɗi kusa da Medellin ta Kolombiya, mutum 71 cikin 77 suka rasu. Nisan tafiyar ya yi daidai da iyakar abin da tankin jirgin ke iya kaiwa, ba a tsaya an ƙara mai ba, matuƙin yana cikin masu kamfanin, kuma bai fito fili ya shaida wa hasumiya cewa yana cikin halin gaggawa ba sai da lokaci ya ƙure. Alhali ƙa'idar duniya ta ba kowane matuƙi damar ya yi shelar mansa ya yi ƙasa, a ba shi hanya kafin kowa. Abin da kan hana shi ne tsoron tambayoyin da za su biyo baya.

Mutanen Sabha sun san abin da ƙarancin mai ke sa mutum ya yi. Mun ga dogayen layuka a gidajen mai, mun sayi na 'yan bumburutu da ninkin farashin gwamnati. A watan Agustan 2022 wata tankar mai ta kife a Bint Bayya, jama'a suka taru ɗiba, ta kama da wuta mutane da dama suka rasu, aka kwashi wasu ta jirgin sama zuwa asibitoci. A Janairun 2024 kuma masu zanga-zanga sun rufe rijiyar Sharara, cikin koke-kokensu har da rashin mai a kudu. Inda mai ya yi wuya, mutane kan saba da tafiya da ɗan kaɗan suna cewa zai kai. Mota in ta tsaya a cikin gari sai a tura ta gefe a nemo jarka. Wannan ɗabi'a ce bai kamata ta ƙetara shingen filin jirgi ba.

Abin da ya kamata a yi

Nauyin farko yana kan hukumomin sufurin jiragen sama na Libiya da Nijar da Najeriya. Ya kamata su riƙa duba takardun mai na jiragen shata da na kamfanoni ba zato ba tsammani, su sa ido a kan masu sayar da man da yadda suke ajiye shi, su gyara na'urorin saukar da jirage da na hasashen yanayi a filayen kudancin Libiya da arewacin Nijar, kuma su riƙa buga rahoton bincike in an yi hatsari don na baya su koya. Su kuma kamfanoni, bai dace su hukunta matuƙin da ya juya ko ya tsaya shan mai ba.

Namu nauyin bai fi ƙarfinmu ba. Mu faɗi gaskiyar nauyin kayanmu, abin da ya yi yawa mu ba mota ta biyo da shi. In aka ce an jinkirta tashi don ƙura ko don jiran mai, mu yi haƙuri. Wanda ya yi shatar jirgi don kai mara lafiya ko don wata harka, yana da ikon ya tambayi matuƙi wane fili za su nufa in na farko ya rufe, man zai kai su can, kuma akwai ruwan sha isasshe a ciki. Matuƙin kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Wasu za su ce ai komai ƙaddara ce. Gaskiya ne, babu mai wuce ranarsa, amma malamanmu sun karantar da mu cewa sai an ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Alhajinmu ya samu wata motar bayan kwana uku, kayansa sun isa Agadas, ya dawo har ya sake zama da mu a wurin mai shayi. Masu iya magana sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah Ya kiyaye mana hanya, ta ƙasa da ta sama, amin.